Raba Masaukin Imel da na Shafin Intanet: Bayani Bisa Yanayin Garin Illela

Tsakure

Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi da makarantu da dama a ƙasar Hausa sukan sayi sunan yanki tare da masauki guda, su ɗora shafinsu na intanet da akwatunan imel ɗinsu a kan na'ura ɗaya. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake raba waɗannan hidimomi biyu ba tare da an sauya suna ba, da dalilan rabawar, da kurakuran da aka fi faɗawa a ciki. An ɗauki garin Illela na jihar Sakkwato a matsayin fagen misali, saboda kasuwancinsa ya dogara ga sadarwa tsakanin ƙasashe biyu. Maƙalar ta kuma taɓo batun keɓaɓɓun kalmomin fannin da matsayin haruffa masu lanƙwasa a cikin adireshi.

Fitilun kalmomi: imel, sunan yanki, saba, masauki, Illela

1.0 Gabatarwa

Wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya san cewa a kan ambulan ana rubuta P.M.B. 2346. Ba ƙofar jami'ar wasiƙar take nufa kai tsaye ba, jakar da aka keɓe mata a gidan waya take nufa. Baƙon da ya zo ziyara kuwa harabar jami'ar zai dosa. Suna ɗaya ne, amma wurin karɓar baƙi daban, wurin karɓar wasiƙu daban. A kan irin wannan tsari aka gina imel tun shekarun 1980. Sai dai yadda ake sayar da masauki a dunƙule ya sa masu amfani da yawa suna zaton shafi da imel abu ɗaya ne da ba ya rabuwa. Wannan zato yana da tsada, domin ranar da na'urar ta tsaya, shafin da wasiƙun duk tare suke tsayawa.

2.0 Illela da Buƙatar Saƙo Mai Tabbas

Illela ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Illela, tana arewa da birnin Sakkwato da tazarar sama da kilomita 80. Tsakaninta da Birnin Ƙonni na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne kawai. An san garin da kasuwar dabbobi da hatsi da albasa, kuma yana cikin manyan mashigai na hukuma tsakanin ƙasashen biyu, inda jami'an kwastan da na shige da fice suke aiki.

'Yan shekarun nan sun nuna yadda al'amura ke saurin juyawa a wannan mashigi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a sake buɗe Illela ba sai ranar 16 ga Disamban 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an sake rufe iyakar sakamakon takunkumin ECOWAS, har zuwa 13 ga Maris 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Washegari, wato 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya taɓa bankuna da kamfanonin sadarwa a Nijeriya. Kafin wannan, a watan Satumban 2021, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro.

A irin wannan yanayi, mafi yawan ciniki na yau da kullum ta kiran waya da WhatsApp yake gudana. To amma da zarar harka ta kai ga banki ko hukuma ko kamfanin da ke Legas ko Yamai, sai a koma ga imel: takardar farashi, rasit, takardar izini, yarjejeniya. Shafin intanet na iya kwana biyu a rufe ba tare da an yi babbar asara ba, amma saƙon da ke ɗauke da takardar da mota take jira a bakin iyaka ba ya jure jinkiri, musamman idan kayan albasa ne ko dabbobi.

3.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sunan yanki shi ne sashen da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel, kuma shi ne ake rubutawa domin buɗe shafi. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, na Nijar kuwa da .ne suke ƙarewa.

Saba ita ce kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana amsa buƙatun wasu kwamfutoci. A wasu fassarorin manhaja ana ce mata uwar garke. An zaɓi kalmar aro a nan saboda tana karɓar jam'i cikin sauƙi, wato sabobi, bisa tsarin taga da tagogi, duk da cewa a rubuce takan yi kama da aikatau saba.

Masauki shi ne hayar gurbi a kan sabar wani kamfani. Kalmar ta dace da al'adar fatauci ta Hausawa, inda falke yake sauka wurin fatoma, ya ajiye kayansa da kuɗinsa a hannunsa. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a nazarinsa na unguwar Sabo ta Ibadan wanda aka buga a 1969. Kamar yadda falke kan iya ajiye dabbobi a wurin wani, ya ba wani amanar saƙonninsa, haka mai sunan yanki yake da damar ɗaukar masauki biyu.

4.0 Yadda Rabawar Take Aiki

Ginshiƙin al'amarin shi ne tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Aikinsa shi ne fassara sunaye zuwa lambobin da kwamfutoci ke ganewa. Kowane sunan yanki yana da kundi, kuma kowane layi a cikin kundin bayani ne da ke amsa tambaya iri ɗaya. Biyu daga cikinsu ne suka fi shafar wannan batu. Bayanin A yana faɗin lambar sabar da ke ɗauke da shafi. Bayanin MX yana faɗin sunan sabar da ke karɓar wasiƙu. An shigo da MX a watan Janairun 1986, kuma Craig Partridge ne ya rubuta ƙa'idar aiki da shi a takardar RFC 974.

A ɗauka wata ƙungiyar masu sayar da albasa a Illela tana da suna misali.com.ng, wanda aka ƙirƙira a nan domin bayani kawai. Idan ɗan kasuwa a Ƙonni ya rubuta sunan a manhajar lilo, wayarsa za ta tambayi DNS bayanin A, ta sami lamba kamar 192.0.2.10, ta nufi can. Idan kuwa wasiƙa ya aika zuwa sakatare@misali.com.ng, sabar da ke aika masa saƙo ba ruwanta da waccan lamba. Bayanin MX za ta nema, ta sami sunan sabar imel, sannan ta nemi lambar wannan sunan, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa mai lamba 25, ta miƙa saƙon bisa ƙa'idar SMTP wadda Jon Postel ya wallafa a 1982. Tun da tambayoyin biyu ne daban, ba dole ba ne amsoshinsu su nuna wuri ɗaya. Shafin na iya zama a Legas, akwatunan kuma a Turai ko Amurka, ko akasin haka.

Kowane bayanin MX yana zuwa da lambar fifiko, kuma mafi ƙanƙantar lamba ita ake fara gwadawa. Idan akwai saba mai lamba 10 da wata mai lamba 20, ba za a je ga ta biyu ba sai ta farko ta ƙi amsawa. Idan duk suka ƙi, mai aikawa ba ya zubar da saƙon nan take. Takardar RFC 5321 ta 2008 ta ba da shawarar a riƙa sake gwadawa har tsawon aƙalla kwana 4 zuwa 5 kafin a mayar da shi ga mai shi. Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata a lura da ita: idan suna ba shi da bayanin MX kwata-kwata, to ana ɗaukar lambar da ke bayanin A a matsayin wurin kai wasiƙu. Wannan ne ya sa wasu ke ganin imel ɗinsu yana aiki ba tare da sun taɓa saita komai ba, har sai ranar da suka sauya wa shafin masauki.

5.0 Dalilan Rabawa

Dalili na farko shi ne kada matsala ɗaya ta ci hidimomi biyu. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar sabobi na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu abokan hulɗar kamfanin kuma suka rasa bayanansu har abada. Wanda akwatinsa yake kan na'urar da ta ƙone bai ma da hanyar sanar da abokan cinikinsa halin da ake ciki ta adireshin da suka sani. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalili na biyu shi ne mutuncin lambar aikawa. A masauki mai rahusa, ɗaruruwan shafuka kan haɗu a kan lamba ɗaya. Idan aka yi wa ɗaya daga cikinsu kutse aka riƙa aika saƙonnin damfara ta kansa, ƙungiyoyin sa ido irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, sukan saka lambar a jerin waɗanda ake ƙin karɓa. Daga nan wasiƙun sauran maƙwabta ma sai su riƙa faɗawa kwandon shara ko a dawo da su, alhali ba su aikata komai ba.

Dalili na uku shi ne tsaro. Shafukan da aka gina da manhajoji irin su WordPress suna buƙatar sabuntawa a kai a kai, kuma ƙananan ƙungiyoyi ba safai suke da mai kula da wannan ba. Idan akwatunan imel suna cikin asusu ɗaya da shafin, wanda ya fasa shafin ya kusanci wasiƙun. Ga ɗan kasuwa, haɗarin a fili yake: mai kutse zai iya karanta takardar biyan kuɗi, ya sauya lambar asusun banki, ya aika wa mai saye da sunan kamfanin.

Dalili na huɗu shi ne 'yancin ƙaura. Sau da yawa wani matashi mai sana'ar gina shafuka a Sakkwato ko Kano ne yake buɗe masaukin da sunansa. Idan aka rabu da shi, ko aka ga masauki mafi sauƙi, ƙaurar shafi kaɗai aikin yini ɗaya ne. Ƙaurar wasiƙun shekaru biyar na ma'aikata goma kuwa aiki ne mai wuya, kuma a nan ne ake yawan yin asara.

6.0 Matakan Aiwatarwa da Kurakuran da Aka Fi Yi

Mataki na farko shi ne a tabbatar da inda kundin DNS yake da kuma wanda ke riƙe da mabuɗinsa, domin wani lokaci yana wurin kamfanin rajista, wani lokaci yana wurin mai masaukin shafi. Gyaran da aka yi a kundin da ba shi ne mai aiki ba, aikin banza ne.

Na biyu, a buɗe dukkan akwatunan a sabon masaukin imel, ko Google Workspace ne ko Microsoft 365 ko Zoho Mail ko wani kamfanin cikin gida, kafin a taɓa bayanin MX. Idan aka fara sauya MX alhali akwatunan ba su wanzu ba, saƙonnin da suka iso za a mayar da su da cewa babu mai wannan adireshi, kuma irin wannan mayarwa ba a sake gwada ta.

Na uku, a rage wa'adin da ake kira TTL, wato yawan daƙiƙoƙin da sauran sabobi ke riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. Idan wa'adin 14,400 ne, wato awa 4, sai a mayar da shi 300 kwana ɗaya kafin ƙaura. Daga nan a goge tsofaffin bayanan MX gaba ɗaya, a saka sababbi. Barin tsoho da sabo tare yakan sa wasiƙu su rabu gida biyu.

Na huɗu, a kwashe tsofaffin wasiƙu ta hanyar IMAP, a kuma bar tsohon akwati a buɗe na 'yan kwanaki domin tsince saƙonnin da suka makara.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne bayanin MX da ke nuni ga sunan yankin kansa. A irin wannan saiti, duk inda aka kai bayanin A, can wasiƙu za su bi. Maganinsa shi ne a ba sabar imel sunanta na kanta mai bayanin A na daban, kuma ƙa'ida ta hana wannan sunan ya zama laƙabi irin na CNAME. Kuskure na biyu ya shafi sabar shafi wadda har yanzu take ɗaukar kanta a matsayin mai karɓar wasiƙun sunan. Idan baƙo ya cike fom ɗin tuntuɓa, sai ta jefa saƙon a tsohon akwatin da ke cikinta maimakon ta tambayi DNS. A manhajar cPanel akwai gurbin da ake sanar da ita cewa mai karɓar wasiƙu a waje yake. Kuskure na uku shi ne barin shafin ya riƙa aika saƙo da sunan yankin ba tare da izini ba, wanda shi ne batun sashe na gaba.

7.0 Shaidar Sahihancin Mai Aikawa

Ƙa'idar SMTP ta asali ba ta tantance mai aikawa, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. Saboda haka aka ƙara hanyoyi uku, dukkansu a cikin kundin DNS ake rubuta su. SPF, wadda ke takardar RFC 7208 ta 2014, jeri ne na sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunan. Suna ɗaya ba ya ɗaukar bayanin SPF biyu, kuma tantance shi bai kamata ya buƙaci tambayoyin DNS fiye da 10 ba. DKIM, wadda ke RFC 6376 ta 2011, sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba, kamar hatimin da sarakuna ke bugawa a wasiƙunsu. DMARC, wadda ke RFC 7489 ta 2015, tana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa cin waɗancan gwaje-gwaje.

Daga watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗansu. Gmail yana buƙatar kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuma dole su cika duka ukun. Idan an raba masauki, hanya mafi tsabta ita ce a sa shafin ya riƙa aika saƙonninsa ta sabar imel, ta ƙofa mai lamba 587, da suna da kalmar sirri, domin duk abin da ya fita da sunan ƙungiya ya bi ta hanya ɗaya mai hatimi.

8.0 Iyakokin Wannan Dabara

Rabawa ba ta maganin komai. Shafi da imel duk a kan sunan yanki da kundin DNS suke tsaye, don haka idan wa'adin rajistar suna ya ƙare ba a sabunta ba, duka biyun za su faɗi tare. Wajibi ne rajistar ta kasance da sunan ƙungiyar, kuma adireshin da kamfanin rajista ke aika gargaɗi gare shi kada ya zama na cikin wannan sunan, in ba haka ba gargaɗin zai ɓace tare da abin da ake gargaɗi a kansa.

Haka nan rabawa ba ta dawo da layin waya idan an katse shi. Abin da take yi shi ne tabbatar da cewa saƙonni suna taruwa a wuri amintacce har mai su ya sami hanyar shiga, ko ta layin Nijeriya ko ta na Nijar. Wannan ne ma ya sa ajiye sabar imel a cikin ofis a gari irin Illela bai dace ba, domin ɗaukewar wuta ko layi na fiye da kwana 5 yana nufin saƙonni za su koma inda suka fito.

Sai batun kuɗi. Manyan masaukan imel na waje suna caji ne bisa kowane akwati, kuma farashinsu yana bin kuɗin waje. Bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa kusan 1,500 a farkon 2024 a kasuwar hukuma. Ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi tana iya rage nauyin ta hanyar buɗe akwatuna kaɗan tare da laƙabobi masu zuba saƙo a cikinsu. Akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, abin da makaranta ko asibiti ya kamata su duba kafin zaɓen masauki.

9.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai ɓangaren da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Asalin sunayen yanki an taƙaita su ga haruffan Ingilishi 26 da lambobi da karan ɗori. Saboda haka ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar, ba su da gurbi, har ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, suka zama abu ɗaya a adireshi. Daga baya an samar da hanyar shigar da wasu haruffa cikin sunan yanki a 2003, sannan a 2012 takardar RFC 6531 ta ba da damar amfani da su a sashen da ke gaban alamar @. Gmail ya fara mu'amala da irin waɗannan adiresoshi a 2014. Sai dai saƙo ba ya wucewa sai idan duk sabobin da ke kan hanyarsa sun san wannan ƙari, shi ya sa har yanzu adireshi marar lanƙwasa ya fi tabbas.

Jikin saƙo kuwa ba shi da wannan matsala matuƙar an yi amfani da tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar boko da ajami da Faransanci a wasiƙa ɗaya. Inda aka fi ganin haruffa sun rikice shi ne saƙonnin da fom ɗin shafi ke aikawa ba tare da ya bayyana tsarin rubutunsa ba. Don haka gwajin ƙarshe bayan kowace ƙaura ya kamata ya haɗa da aika jimla mai ɗauke da haruffan nan huɗu ta fom, a ga yadda ta isa.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa raba imel da shafi ba sabuwar dabara ba ce, tanadi ne da ke cikin tsarin DNS tun 1986, kuma bayanai kaɗan ne ake gyarawa domin cim masa. Amfaninsa ya fi fitowa a wuri irin Illela, inda iyaka da layin waya da darajar kuɗi duk suka sauya cikin shekaru biyar, kuma inda jinkirin takarda ɗaya ke iya lalata kayan mota guda. Abubuwa uku ne ya kamata kowace ƙungiya ta riƙe a hannunta: mallakar sunan yanki, mabuɗin kundin DNS, da kwafin wasiƙunta. Ga masana Hausa kuma, akwai aikin daidaita kalmomin wannan fanni tsakanin Nijeriya da Nijar, domin ɗan kasuwar Illela da na Ƙonni su iya karanta bayani ɗaya su fahimce shi ba tare da sun bi ta Ingilishi ko Faransanci ba.